Inna tace Allah ya ji, ita ce dai ba ta ji ba

Ran Asabar ɗin da ta wuce abin ya faru, kuma har yanzu ya ƙi barin raina, shi yasa nace bari in zauna in rubuta ko zan ɗan ji sanyi. Mun kira Inna a WhatsApp kamar yadda muka saba duk ƙarshen mako. Ita tana ƙauyenmu can kudancin Kano, mu muna nan Jidda, agogonmu ya riga nasu da awa 2 don haka sai mu bari sai la'asar ɗinsu, lokacin ta gama aikace-aikacenta ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya inda sabis ya fi kamawa. Ana ta hira da yara ana dariya, sai tace wa autana mai shekara 6, "Kai maigidan, yau ma ba ka aiko da cefane ba, toh zo ka biya ni da Addu'ar Ubangiji in ji." Yaro ya miƙe tsaye, ya haɗe hannu, ya rufe ido, ya zubo ta tiryan-tiryan tun daga farko har amin ko tuntuɓe bai yi ba. Da Turanci.

Ni ina gefe raina fari ƙal. Inna kuwa tayi shiru har na ɗauka sabis ne ya yanke. Can sai tace, "Madalla, Allah ya yi maka albarka. Allah kam ya ji, don babu yaren da ba ya ji. Ni ce dai ban ji ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, Inna ba mai faɗa bace. Amma da muka ajiye waya na shiga kicin na tsaya gaban tukunya hawaye na zuba, don na san ba maganar yare kaɗai take yi ba. Akwai igiyar da aka miƙo mata, ita ta miƙo min, yanzu tana laluben ta a hannun jikanta ba ta ji ta ba.

Na san wani zai karanta yace, Bakanuwa kuma Kirista, kuma a Saudiyya? Na saba da tambayar. In na je kasuwar Balad ko wajen masu tsire na yi Hausa da 'yan uwa, aka gaisa aka tambayi mutan gida, sai ka ji ance "Hajiya bana an samu yin Umara kuwa?" in nace ai ni Kirista ce sai mutum yayi turus yace toh amma Hausar nan taki fa? Hausar tawa ce, ita na sha a nono, ba ni da wani yare a bayanta. Maigidana likita ne, aiki ya kawo shi, ni da yara muka biyo shi yau shekara 8 kenan. A gida malamar firamare ce ni, nan kuwa ina gida da yara uku, babbar mace shekararta 13, na tsakiya 10, sai autan da aka haifa a nan.

Kakannina Maguzawa ne, manoman dawa da gyaɗa, da tsafinsu da borinsu kamar yadda suka gada. Kakana na wajen uwa, Baba Tsoho muke ce masa, kuturta ta kama shi yana sabon aure. A wancan zamanin, tun wajen ƙarshen shekarun 1930, 'yan mishan na SIM ne ke riƙe da asibitocin kutare na Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Sai aka kai shi Yadakunya. Sunan wurin ma kaɗai ya ishi mutum wa'azi, ya da kunya, don a lokacin in cutar nan ta kama ka ko ƙoƙon shan ruwanka ware shi ake yi. Ya yi shekaru a can yana shan magani, can ya koyi karatun boko, can ya ji bishara, ya dawo gida yatsunsa biyu a gundule da Littafi Mai Tsarki a naɗe cikin tsumma. Tsohon juyin nan ne na 1932, wanda Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalar fassarawa. Littafin yana nan har yau a akwatin Inna, bangon ya tafi, gefen takardun duk sun yi baƙi saboda hannu da hayaƙin aci-bal-bal.

Matarsa Iya ko baƙi ɗaya ba ta taɓa iya karantawa ba har ta koma ga Ubangiji. Amma in Baba Tsoho yana karatu da dare ita tana ɓarar gyaɗa a gefe, kunnenta yana can. Haka ta haddace Zabura masu yawa, in mai karatu ya tsallake layi a majami'a daga bencin mata zaka ji ta gyara masa a hankali. Kuma ita ce ta fara koya min, ba fasto ba, ba malamin makarantar Lahadi ba. Da dare a tsakar gida sai ta fara da ga ta nan ga ta nanku, a yi Gizo da Ƙoƙi a yi dariya a ce ƙurunƙus, sannan ta gyara zama muryarta ta canza tace, "Toh wannan da zan faɗa yanzu ba tatsuniya bace, shi ba a ce masa ƙurunƙus." Sai ta ɗauko Yusufu. Ita a bakinta labarin Yusufu labarin 'yan ubanci ne, 'ya'yan kishiyoyi da ɗan mowa da uban da ya kasa ɓoye wanda ya fi so, mu kuwa babu wanda ke buƙatar bayani don a gidan maƙwabta muna ganin irinsa. Rut kuma bazawara ce da ta ƙi barin surukarta, take bin bayan masu girbi tana kala, mu ma ai muna zuwa kalar gyaɗa. Ban taɓa jin mutanen Littafi baƙi bane. Na ɗauka 'yan wani ƙauye ne can gaba da namu, kuma Hausa suke yi.

Abin da ban gane ba sai da na zo nan shi ne, ba Iya da Inna kaɗai suka raine ni cikin bangaskiya ba, gari guda ne. Da asuba dattijo zai buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiya, kowa ya fito addu'ar safe da hazo da sanyi. Ran Lahadi akwai ayar haddacewa, in ba ka iya taka ba matar da ba ta haɗa komai da kai ba zata tsare ka a bakin rijiya sai ka biya. Ga matan Zumunta da anko da tulu da caki, waƙarsu kaɗai ta koya min rabin abin da na sani, ga 'yan Birged, ƙungiyar yaran majami'a, da maci, ga godiyar kaka da ake shigo da damin dawa har gaban bagadi, ga zagayen Kirsimeti gida-gida har gidajen 'yan uwanmu Musulmi ana kai musu shinkafa da nama su ma su aiko mana da Salla. Ikilisiyarmu ECWA ce, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga aikin SIM ɗin nan. Ɗa na kowa ne a wurinmu da gaske. Ko uwa ta yi sakaci, gari zai cike mata.

A Jidda babu wanda zai cike min.

Nan Lahadi ita ce ranar farko ta aiki, tun 2013 hutun mako Juma'a da Asabar ne, don haka lokacin da ake buga ƙararrawa a gida mu muna neman safa da jakar makaranta. Babu majami'a ko guda a ƙasar, ba a yin sujada a fili, ba a yi wa kowa wa'azi, abin da mutum zai yi sai dai a cikin gidansa shi da iyalinsa. Ba ƙorafi na zo yi ba, mun san haka tun kafin a buga mana biza, ƙasar mutane ce da dokarsu kuma muna kiyayewa, mun kuma ci arzikin zama lafiya da mutanen kirki a nan. Ina dai faɗin yadda abin yake ne don wanda bai sani ba.

Shekara ukun farko gaskiya mun yi sakaci, kuma ni na fi kowa laifi don ni ke gida. Sai in kunna musu wa'azi a YouTube ran Juma'a da safe, wani fasto can Legas ko Amurka yana ta Turanci, yara na kwance kan kujera ido na kan allo hankali na wani wuri, in ce ai an yi sujada. Makarantarsu ta 'ya'yan baƙi ce, komai Turanci. A matakalar bene da yaran maƙwabta Larabci suke yi. Hausa ta koma yaren da ake yi musu faɗa da shi ko a aike su. Ina tsammanin bangaskiya zata shige su haka nan kamar yadda ta shige ni, na manta cewa ni akwai waɗanda suka yi ta ɗura min safe da yamma.

Ranar da na farka, na tsakiyan ne yana wasa da motocinsa a ƙasa, lokacin bai wuce shekara 5 ba, sai na ji yana rera kiran salla a hankali, da karin muryar ladanin unguwarmu sak, har inda yake ja da inda yake saukewa. Babu wanda ya koya masa. Sau biyar yake ji kullum ta taga, shi kenan. Ban ji haushi ba ko kaɗan, ban kuma hana shi ba, tsayawa nayi ina kallonsa ina tambayar kaina, toh ni me yake ji daga bakina sau biyar a rana? Na ce ya yi min waƙar majami'a ko guda ɗaya, ya kalle ni kawai. A daren na buɗe Littafin Mahukunta sura 2 inda aka ce bayan Joshuwa da tsararsa sun wuce sai wata tsara ta taso wadda ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san abin da ya yi wa Isra'ila ba. Tun ina yarinya nake jin ayar nan ina ganin laifin yaran. A daren na ga cewa ba yaran ne suka yi shiru ba.

Wadda ta ƙara buɗe min ido kuwa ba Kirista bace ma. Wata Hajiya ce dattijuwa da suka dawo unguwarmu bayan rushe-rushen da aka yi a 2022, lokacin da aka kwashe su Karantina da Sabil da sauran tsofaffin unguwannin da 'yan uwanmu suka daɗe a ciki. Kakanta da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa, ya yi shekaru a hanya yana noma yana ci gaba, ya ratsa Sudan ya tsallako teku daga Sawakin, bai koma ba. Ita a nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin Kano ba, amma in ta yi maka Hausa da karin magana sai ka rantse jiya ta baro Kurmi. Ta san ni Kirista ce tun ranar farko, ba ta taɓa matsa min ba, ni ma ban taɓa tsallake iyakata ba. Da Salla waina da miyar taushe har ƙofa, da Kirsimeti ni ma in aika da cincin da dambun nama.

Wata rana na shiga wajenta bayan magariba na tarar ta jera jikoki huɗu a kan darduma kowa yana biya mata karatunsa, alhali na san da la'asar sun je hadda a masallaci. Nace Hajiya ai sun yi a can, ba kya bari su huta? Ta dube ni tace, "'Yar nan, masallaci ga shi a ƙofar gida, Ka'aba ga ta tafiyar awa ɗaya, amma ban taɓa sallama wa gari jikokina ba. Malam yana koya musu baƙi, ni nake koya musu su so shi. Hausar nan ma da kike yabo, da mun bar wa titi da tuni ta mutu tun a kan ubana." Na dawo gida jikina a sanyaye. Matar da komai na ƙasar nan yake taya ta ba ta yarda ta jingina da shi ba, ni da babu abin da ke taya ni na miƙe ƙafa.

Daga nan muka fara abin da yara ke kira cocin falo. Ran Juma'a da safe kowa yayi wanka ya sa kayan kirki kamar za a fita, wannan na dage a kai, don in aka zo da kayan barci zuciya ma da kayan barci take zuwa. A kashe talabijin, wayoyi a kan firij. Babansu ya yi addu'ar buɗewa, mu yi waƙa biyu daga littafin waƙoƙin da na taho da shi, ba da ƙarfi ba, tafi a hankali, babbar tana buga ƙasan bokiti a madadin tulu. Kowa ya karanta aya bi da bi, da Hausa tukuna sannan da Turanci. Akwai gwangwanin madara da muka huda, shi ne na baiko, in ya taru mu aika gida a sayi alli da littattafai na makarantar Lahadin ƙauyenmu, don su san bayarwa ba sai an zagayo da faranti ba. Na nuna musu a Romawa 16 inda Bulus ke gai da Biriskilla da Akila da ikilisiyar da ke taruwa a gidansu, nace kun gani, tun farko a falo aka fara.

Amma wurin da ya fi riƙe ni shi ne sura 6 ta littafin da Inna ke kira Kubawar Shari'a, ni kuma a nawa juyin da ya fito kusan shekara 50 bayan nata an rubuta Maimaitawar Shari'a. (Har yau in muna waya ita tace Misalai ni in ce Karin Magana, ita tace Timothawus ni in ce Timoti, mu dai mun san inda muka dosa.) A wurin an ce a koya wa 'ya'ya maganar nan da himma, a yi zancenta in ana zaune a gida, in ana tafiya a hanya, in za a kwanta, in an tashi. Na karanta na sake karantawa, ban ga an ambaci gini ba, ban ga an ambaci wata rana guda ba. Zama, tafiya, kwanciya, tashi. Duk huɗun ina da su a Jidda, babu wanda ya hana ni ko ɗaya. Ashe abin da Iya ke yi kenan tana ɓarar gyaɗa.

Toh sai tambayoyi suka fara fitowa, kuma su ne ainihin makarantar, ba abin da na shirya ba.

Na tsakiyan ne ya fara. Ina jan labule kafin mu soma waƙa yace, "Mama, ɓuya muke yi? Abin kunya ne?" Gabana ya faɗi. Na zaunar da shi nace a'a, duk wanda ya tambaye ka kai wane ne ka faɗa masa gaskiya kai Kirista ne, kar ka taɓa yin ƙarya a kan wannan ko don a so ka. Amma mu baƙi ne, masu gida sun ce ga yadda suke so a zauna, kuma Littafinmu ya ce mu girmama hukuma mu zauna lafiya da kowa iyakar iyawarmu. Kar ka yi gardamar addini a makaranta, kar ka raina sallar kowa, in abokinka yana azumi kar ka ci abu a gabansa. Na ba shi labarin Baba Tsoho da sunan wurin da ya warke. Nace mu gidanmu tun a can aka ya da kunya. Tun ranar na daina jan labulen a gabansu da sauri kamar mai tsoro, don na lura yaro ba maganarka yake karantawa ba, hannunka yake kallo.

Wata rana kuma za mu Ɗa'ifa shan iska, muka iso inda allon hanya ya nuna Musulmi su miƙe, waɗanda ba Musulmi ba su ratse, babansu ya ratse. Mota tayi tsit. Auta yace don me ba a son mu? Babansu yace ba ƙi bane, Makka wuri ne mai tsarki a wurinsu sun keɓe shi, kamar yadda a gida ba kowa ke cin Jibin Ubangiji ba sai wanda aka yi wa baftisma, kuma ba don an ƙi sauran ba. Na ji daɗin amsar nan, ni da ban san me zan ce ba.

Wadda ta fi ba ni aiki ita ce ta sunan Allah. Babbar ta dawo daga makaranta tace wata ƙawarta ta ce mata Allah na Musulmi ne, Kirista da sunan Turanci suke kiransa, don me mu muke cewa Allah a gida? Na ɗauko Littafi na buɗe mata Farawa sura 1 aya 1 nace karanta. Ta karanta, ga Allah nan a layin farko. Nace Iya ta yi shekara sama da 60 tana addu'a ba ta san kalmar Turanci ko ɗaya ba, wa kike tsammani take kira? Kiristocin Masar da Lebanon da Siriya da babanku ke aiki da su, da Larabci suke sujada, Allah suke cewa. Akwai bambanci na gaske tsakanin abin da muka gaskata game da Yesu Almasihu da abin da su Hajiya suka gaskata, ban ɓoye mata ba, na zauna na faɗa mata dalla-dalla, gicciye da tashi daga matattu da sauransu. Amma ba a kan yare bambancin yake ba. A nan ne na ga haɗarin barin bangaskiyarsu ta zauna cikin Turanci kaɗai, sai su taso suna ganin addinin Turawa ne muka aro, Hausa kuma ta wasu ce, wato dole su zaɓi ɗaya su bar ɗaya. Baba Tsoho bai zaɓa ba, da rigarsa da hularsa da Hausarsa ya bi Yesu.

Na kuma so su san ƙasar da suke zaune ma ba baƙuwar labarin nan bace. A Ayyukan Manzanni sura 2 cikin waɗanda suka ji bishara da harshensu ran Fentikos har da Larabawa. Bulus da kansa ya faɗa wa Galatiyawa cewa bayan tubansa Arabiya ya tafi. Can kudu kuma kusa da iyakar Yaman akwai Najran, inda wajen shekara ta 523 sarki Zu Nuwas ya hallaka Kiristocin garin don sun ƙi barin bangaskiyarsu. Da na ba Hajiya labarin sai tace ai sun san shi, malamai da yawa na cewa su ne mutanen rami da aka ambata a Suratul Buruj, kuma kangon wurin yana nan ana zuwa gani, Ukhdud ake ce masa. Mun yi alkawari da yara za mu je kafin mu bar ƙasar nan. Babbar ta yi shiru ranar, daga baya tace, "Ashe da yara a cikinsu." Nace eh, da iyayensu mata.

Ita babbar yanzu ta kai shekarun da ba a rufe mata baki da alewa. Kwanaki muna wanke-wanke tace, "Mama, da a gidan Hajiya aka haife ni da yanzu Musulma ce ni ko? Toh ni Kirista ce don na yarda, ko don ku ne?" Da a ce Inna na yi wa wannan tambayar ina shekararta da sai an kira fasto. Ni ma sai da cikina ya juya. Amma na tuna Baba Tsoho ba a cikinta aka haife shi ba, ji ya yi ya auna ya karɓa, ya kuma biya kuɗinta don 'yan uwansa sun daina cin abinci da shi karo na biyu, wannan karon ba don cuta ba. Nace mata gona ake rabawa a gado, wannan ba a raba ta. Bulus ya ce wa Timoti bangaskiyar ta fara zama a cikin kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki, amma bai tsaya nan ba sai da yace ya tabbata tana cikinsa shi ma. Ni aikina in sa miki ita a gaba, in yi rayuwarta a idonki, in yi miki addu'a. Ranar da za ki ce taki ce, ke da Allah ne. Ki yi ta tambaya, kar ki daina, abin da ban sani ba mu nema tare. Ba ta ce komai ba ta ci gaba da ɗauraye kofuna. Ban san inda zuciyarta ta tsaya ba, kuma wannan rashin sanin shi ne abin da ya fi kai ni gwiwa a ƙasa da dare.

Wasu 'yan uwa da muka sani sun mai da nasu yaran gida makarantun kwana na mishan tun suna 11, sun ce gara su taso cikin jama'a. Ban ga laifinsu ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ma muna ta juya maganar, don zama da iyali a nan ba arha bane, kuɗin da ake biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar maigida, wato takardar izinin zamansa, da aka fara a 2017 da riyal 100 a wata yanzu 400 ne, mu huɗu ne a kansa, ga kuɗin makaranta, shi yasa sai bayan shekara biyu muke samun zuwa gida. Zuwanmu na ƙarshe da Kirsimeti ne. Matan Zumunta suka shigo da rawa da guɗa, majami'a ta ɗauka, auta ya toshe kunne ya ɓuya a zanina don bai taɓa jin an yabi Allah da ƙarfi haka ba. Babbar kuwa na waiga na ga tana kuka, tace ba ta san muna da yawa haka ba. Tace in za a yi mata baftisma a rafin ƙauyenmu take so, inda aka yi wa Kaka, amma ba yanzu ba. Nace babu gaggawa.

Na ɗauka mun yi nisa fa, sai ga maganar Inna ta ran Asabar ta nuna min inda ramin yake. Da na bincika kaina sai na ga Hausar ta tsaya a karatun ran Juma'a, addu'ar kwanciya da ta cin abinci duk na bar su sun koma Turanci don ya fi sauri, kowa ya gaji, gobe makaranta. Auta kuma shi ne bai taɓa zama a tsakar gida ba ko na wata guda.

Ran Lahadi da dare na kira ƙanena nace ya riƙa ɗaukar muryar Inna a waya, labari ɗaya duk mako, yadda Iya ke ba mu, kar ya gyara mata komai ko akuya ta yi kuka a bar shi a ciki. Na farko ya iso shekaranjiya, minti 9, Yusufu ne. Ta fara da cewa wannan ba tatsuniya bace, ba a ce masa ƙurunƙus, sai da na fita baranda na dawo. Yara sun saurara sau biyu, na tsakiyan yana tambaya mene ne mowa, mene ne fatake.

Ni da auta kuma layi ɗaya muke ɗauka duk dare bayan ya yi burushi. Ubanmu wanda ke cikin sama ya zauna daram. A tsarkake sunanka ne ke ba shi wuya, harshensa bai saba da tsa ba, sai yace sarkake, in ce a'a sa harshe a bayan haƙori ka matse, ya sake, ya sake, har yayyensa suka shigo suna taya shi. Jiya mun kai abincin yini, ya tsaya yace abincin yini tuwo ne ko shawarma, nace duk wanda Allah ya ba mu ranar. Yace kar in gaya wa Kaka yana koyo, so yake ran Asabar in ta ce ina cefane ya ce mata ta rufe ido.